Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Masu Gyaran Kayan Lantarki a Jidda

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawa, malaman sana'a da 'yan'uwa matasa, shugaba ya umarce ni a matsayina na sakatare in kawo muku bayanin abin da aka yi daga taron bara zuwa yau.

Zan fara da inda mafi yawan kuɗin asusu ya tafi. A bara kun yi ta kukan cewa aiki ya canza mana fuska. Mukayyif ɗin, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ake kawowa warsha yanzu mai inbata ne (na'urar da ke juya wutar DC zuwa AC), ga inbatocin sola, ga na'urorin da ke sarrafa gudun injina a masana'antu, kuma mita kaɗai ba ta nuna abin da ke faruwa a cikinsu. Wutar ciki kuwa ba ta wasa ba ce. Layin bolt 230 idan ya ratsa gadar diyod, mai mayar da wutar AC zuwa DC, babbar kafasita takan riƙe kusan 325. A layi uku na 400 sai ta kai 565, jerin faifan sola kuma yakan kusanci 1000. Tun 2010 gwamnatin ƙasar nan ta yanke shawarar barin tsarin 127 da 220 zuwa 230 da 400, shi ya sa har yau a unguwa ɗaya sai ka tarar da tsoho da sabo.

Osiloskop, na'urar da ke nuna yanayin wuta a fuskarta, muna da shi, amma furob ɗinsa na yau da kullum, wato wayar da ake taɓa wurin awo da ita, bai dace da wannan aiki ba. Ƙaramin bakin kadan, wato matsi mai haƙora, da ke jikinsa haɗe yake da ƙarfen BNC, mahaɗin da ake sa furob a jikin osiloskop, shi kuma haɗe yake da wayar atin ta bango. Wanda ya maƙala shi a ƙafar kafasita ya haɗa wuta da ƙasa ke nan kai tsaye. Wasunmu sun saba karya ƙafar atin ta filogi don su kauce wa haka, alhali wannan yana mayar da jikin na'urar gaba ɗaya mai wuta, hannu na kai wa gare ta shi ke nan. Kwamiti ya hana wannan ɗabi'a, muka sayi furob mai auna bambanci, mai wayoyi biyu ja da baƙa, babu wadda ta taɓa ƙasa. Yana rage wutar da yake aunawa sau 50 ko sau 500, yana ɗaukar har bolt 1300 tsakanin wayoyin. Yana ajiye wurin ma'aji, ana aro da sa hannu a littafi.

A tsakiyar bazara furob ɗin ya dawo mana da tabo. Ƙugiyar jar wayar ce ta karye a wata warsha da ke Sina'iyya, unguwar masana'antu, wani ɗanmu mai koyo, da kyakkyawar niyya, ya ciro tsiraran bakin kada daga wata tsohuwar mita ya liƙa da dalma ya naɗe da tef. Yana auna ƙofar IGBT na sama, wato ƙafar da ke kunna ɗaya daga cikin taransistocin inbata, bakin ya zame ya haɗa ƙafa biyu. Ni na karɓi furob ɗin washegari: haƙoran kadan sun narke gefe guda, tef ɗin ya yi baƙi ya manne, ƙaurin ƙuna bai bar akwatin ba. Yaron ya tsira da ɗan ƙuna a yatsa, alhamdu lillahi, allon lantarkin na'urar mai kaya kuwa ya mutu, ƙungiya ta taimaka aka biya. Ban ga laifinsa ba kamar yadda na ga namu. Mun koya musu abin da ke cikin akwatin furob, ba mu taɓa zaunar da su a kan bakin da ke taɓa wutar ba.

Saboda haka darussan watanni uku da suka biyo baya duk a kan wannan baki aka yi su, kuma a ganina su ne aikin da ya fi kowane amfani a bana. Ɗaya daga cikin malamanmu ya yanka lafiyayyen filogin banana mai milimita 4 gida biyu ya zagaya da shi hannu hannu. Rigar robar da ta rufe ƙarfen tana hana yatsa kaiwa gare shi ko da an zare filogin alhali ɗaya ƙarshen yana kan wuta. Ramin soket da aka zurfafa da 'yan tudun da ke jikin roba kuwa tsawaita hanya suke yi, domin wuta tana da hanya biyu: ta yi tsalle ta iska, ko ta rarrafa ta kan roba idan ƙura da danshi sun kwanta. A bolt 1000, roba ta gama-gari tana son kimanin milimita 10 na wannan hanyar rarrafe, a ninka a wurin da hannu ke riƙewa. Duk wanda ya yi watan Agusta a Jidda ya san yadda raɓar Bahar Maliya mai gishiri ke kwanciya a kan kaya, ga gumin hannu. 'Yan'uwan da kan je aiki Abha su ma su kiyaye, garin ya haura mita 2000, iskar can ba ta tare tsallen wuta kamar ta bakin teku.

Ƙa'idar IEC 61010-031 ta iyakance tsiraicin ƙarfen da ke kan tsinin furob: milimita 19 a CAT II, milimita 4 kacal a CAT III da CAT IV. CAT matakin haɗarin wurin awo ne: CAT II kayan da ake sawa a soket, CAT III wayoyi da akwatin wutar gini, CAT IV inda wuta ke shigowa daga waje. Namu furob ɗin kowace waya zuwa ƙasa bolt 1000 ne a CAT II, don haka ba a kai shi akwatin rarraba wutar gini, ba a kai shi gonar sola mai 1500. Kuma idan ka sa masa ƙugiya mai bolt 300, dukansa ya koma 300. An kuma nuna mana a fuskar osiloskop yadda murɗe wayoyin biyu tare ke rage hayaniya, da yadda ƙara wa ɗaya tsawo ke ɓata awo har mutum ya ga cutar da babu ita a allo.

An yi muhawara mai zafi kan furob ɗin da za a ƙara saya. Dattawa sun fi son mai wayoyi a manne, don babu wurin da yaro zai cusa abin da bai dace ba, kuma awonsa ya fi tsabta. Matasa suka ce kayan aro ne, waya za ta tsinke, gara mai soket a canza ta kawai. Ni ina tare da matasa, da sharaɗin a sayi wayoyi da ƙugiyoyi na asali a ajiye tun kafin a buƙace su. Ba a yanke ba, ƙuri'arku ake jira.

Sauran ayyuka a taƙaice. An yi buɗa-baki na haɗin gwiwa a Ramadan, an dakatar da darussa lokacin aikin Hajji kamar kullum. An yi wa masu shirin jarrabawar tantance sana'a, wadda hukuma ta fara a 2021, bita sau da dama. Mun ziyarci marasa lafiya, mun yi ta'aziyyar mahaifiyar ɗaya daga cikinmu da ta rasu a Kano, Allah Ya jiƙanta. Kuɗin wata kuwa akwai masu bashi da yawa, ma'aji zai karanta lissafi da kansa.

Daga wannan wata, duk mai mayar da furob zai buɗe akwatin a gaban ma'aji a duba robar wayoyi da ƙugiyoyi kafin a soke sunansa a littafi. Wanda ya ga tsagewa ya faɗa, ƙungiya ce za ta sayi sabo, ba za a caje shi ko riyal ɗaya ba. Taro na gaba Juma'ar farko ta wata mai kamawa ne bayan sallar Isha, kowa ya zo da wayoyin mitarsa a duba su tare.