Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Rasuwar Babansa Na Wurno

Sakkwato

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai cewa Allah Ya yi wa aminina, babanka na Wurno, rasuwa ranar Talatar da ta gabata, bayan gajeriyar jinya, an kuma yi masa sutura bayan sallar Azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kai ka san shi ne a matsayin dattijon da yake kawo mana shinkafa da albasa duk bayan girbi, amma tun da yanzu Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ta tura ka Goronyo koyarwar gwaji, lokaci ya yi da za ka san irin malamin da aka rasa.

Mun haɗu a kwalejin horon malamai a nan Sakkwato jim kaɗan bayan gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a shekarar 1976. Yara sun cika makarantu, malamai sun yi ƙaranci, saboda haka aka riƙa ɗibar mu ana horarwa, ana ciyar da mu, har da ɗan alawus. A lokacin, shekara 5 mai takardar firamare yake yi kafin ya samu shaidar malanta mai daraja ta biyu, wadda muke kira Giredi Tu. Da yawanmu alawus ɗin ne ya kawo su, shi kuwa aikin ne ya kawo shi.

Da aka tura mu koyarwar gwaji ƙauye ɗaya, ɗaki ɗaya muka zauna, a nan kuma na ga abin da har yau ban ga kamarsa ba. Bayan sallar Isha'i yakan kunna fitilar ƙwai ya rubuta tsarin darasin gobe, sannan ya miƙe ya koyar da ni darasin daga farko har ƙarshe, ni ina zaune a tabarma a matsayin ɗan aji uku, ina yi masa tambayoyin da yaro zai yi. In ya gama, sai in tashi shi ya zauna. Ba ya ƙyale ni in na juya wa aji baya ina magana da allo, ko in na yi tambaya na amsa da kaina kafin yaro ya buɗe baki. Makarantar ba ta da kayan koyarwa, sai ya yanka karan dawa ya ɗaure goma-goma da zare, da su ya koya wa yara aro a lissafin ɗebewa, har sufeton da ya zo duba mu ya nemi ɗauri ɗaya ya tafi da shi. Da damina kuwa, in ya kira rajista ya ga yaro ya yi fashi, da la'asar za ka same shi a zauren mahaifin yaron, ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, sannan su daidaita a bar yaron ya zo da safe ya tafi gona da yamma.

Abin da nake so daga gare ka shi ne ka duba cikin waɗanda aka tura ku tare, ka nemi wanda zai zauna a bayan ajinka ya faɗa maka gaskiya, kai ma ka yi masa haka. Malamin da zai zo daga kwaleji ya ba ka maki zai gan ka na ɗan lokaci ne kawai, abokin nan kuwa shi zai san ranar da ka shiga aji ba shiri. In ka same shi, kada canjin wurin aiki ya raba ku, domin zumunta a ƙafa take. Ni da marigayi ba mu sake aiki a makaranta ɗaya ba, amma shi ya raɗa maka suna.

Wurno a kan hanyarka take, saboda haka ranar Juma'a in an tashi ka nemi izinin hedimasta ka biya ka yi ta'aziyya. Ka fara da ƙanensa a zaure, sannan ka nemi iso ka gaida iyayenka mata, kada kuma ka yi gaggawar tashi. Ƙaramin ɗansa yana shirin jarrabawar kammala sakandare, ka tambayi halin karatunsa ka sanar da ni.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka