Zuwa ga Yaya Sani, daga Atlanta

Atlanta, 12 ga Janairu, 2025

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da maman su Nura da yara gaba ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Shekaranjiya Juma'a dusar ƙanƙara ta sauka, gari ya tsaya cik, kwana biyu ban fita da mota ba. Ba komai, na huta ne, bayan nawa ma ya ɗan lafa.

Na turo dala 600 ta hannun Alhaji kamar kullum. Ka canza ka faɗa mini nawa ta kama. Dala 400 ta gyaran famfon burtsatse ce, 120 ta Inna, magani da cefane, 80 kuɗin makarantar yara. Kada kuɗin famfo ya bi ta hannun Lawal. Na bara da na turo ka san inda ya tafi, ni ma na sani, na yi shiru ne saboda Inna.

Sai maganar da ta hana ni barci. Inna ta turo mini saƙon murya tana kuka, wai an ce mata ɗana Abba ya shiga sojan Amurka za a kai shi yaƙi. Wallahi ƙarya ne. Masu ɗaukar soja ne suka je makarantarsu, suka ce in ya shiga za a biya masa kuɗin jami'a, ya kawo takardun gida, na karɓa na kulle a akwati. Iyakarta ke nan. Wanda ya kai maganar gida Allah ya shirye shi. Ka zauna da Inna ka faɗa mata da bakinka, ta fi yarda da kai.

Yaron bai daina maganar ba, shi ya sa daren Lahadin da ta wuce na ɗauke shi muka je wajen gawar Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka. Kun ji a rediyo ya rasu ranar 29 ga Disamba yana da shekara 100. An ajiye akwatinsa a cibiyarsa a nan Atlanta daga 4 zuwa 7 ga wata, dare da rana mutane na layi, kafin a wuce da shi Washington, daga can a mai da shi Plains, ƙauyensu na manoman gyaɗa. Na san Kawu zai ce me ya kai ni gawar Kirista. Ka ce masa ban je sallah ba, ƙafar Baba ce ta kai ni.

Ka tuna daminar 1988? Kurkunu ya kwantar da Baba, uku a ƙafa ɗaya, ni kuma ɗaya a idon sawu. Kai kaɗai ka yi noman farko da maimai, gero ya tsaya cikin ciyawa, shekarar muka ci bashin hatsi. Kullum Inna na naɗe shi a tsinke, kaɗan kaɗan, tana tsoron kada ya tsinke a ciki. In zafin ya ishe ni sai in je in tsoma ƙafa a tafki, tafkin da gari ke sha. Ashe ni nake zuba wa mutane na baɗi. Ba mu sani ba, wasu ma cewa suke jifa ne. A shekarun nan an ƙirga fiye da mutum 650,000 da kurkunu a Najeriya kaɗai, ta fi kowace ƙasa. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Ƙyallen tace ruwan nan da aka raba mana, da maganin da ake zubawa a tafki, da mutumin da ke yawo da littafi yana rubuta masu ciwo, duk da hannun cibiyar tsohon nan a ciki, daga baya kuma Janar Gowon ya shiga yana bin ƙauyuka. Cibiyar ta fara aikin a 1986 ana da masu kurkunu kimanin miliyan 3.5 a duniya, a 2023 mutum 14 aka samu. Mu a 2013 aka tabbatar mun rabu da shi, mu da Nijar. A layin na ɗage wando na nuna wa Abba tabon, ya yi ta kallo kamar bai taɓa ganin ƙafata ba. Laifina ne, ban taɓa kawo shi gida ya ga tafkin ba.

Shi ya sa nake nanata maganar famfo. An ce mini tun kaka mata sun koma ɗiban ruwa a tafki. Kurkunu ya tafi, amma amai da gudawa bai tafi ba. Ka ɗauko mai gyara daga Gusau, ka tsaya a kansa, ka turo mini hoton ruwa yana zuba. Dala 400 ɗin nan ba ta biki ba ce, ba ta gyaran babur ba ce.

A hanyar dawowa na ba Abba labarin 2003, ban daɗe da zuwa ba lokacin, ina wanke-wanke a gidan abinci. Ko'ina tuta, ko'ina maganar Saddam, mai suna irin namu kuwa sai ya kama bakinsa. Tsohon nan, wata uku da karɓar kyautar Nobel, ya rubuta a jaridar New York Times cewa wannan yaƙi ba na adalci ba ne, ba a ƙure hanyoyin sulhu ba. Ba a kai mako biyu ba aka afka wa Iraƙi. Makaman da aka ce suna da su ba a gan su ba har yau, sojan Amurka kusan 4,500 suka mutu, 'yan Iraƙi kuwa Allah kaɗai ya san iyaka. Da yawa cikin yaran nan kuɗin makaranta ya kai su, irin tayin da aka yi wa Abba. Kuma mutumin da ya faɗi haka shi ma tsohon sojan ruwa ne, ba matsoraci ba. Ya kan yi alfahari da cewa a shekara huɗunsa, 1977 zuwa 1981, bai kai ƙasarsa yaƙi ba. A nan da yawa suna ganinsa shugaba mai rauni saboda mutanensu 52 da aka tsare a Iran kwana 444, da tsadar rayuwa, wani fasinja ma ya faɗa mini haka ranar jana'izar. Na ce masa to. Me zan ce? Ina tuƙi, kuma ina son ya ba ni ɗan ihsani. Da ya yi magana kan haƙƙin Falasɗinawa ma zagi ya sha, har a jam'iyyarsa.

Abba bai ce komai ba har muka iso gida. Ban sani ba ko ya ji. Kuɗin jami'ar nan dai gaskiya ne, yana da nauyi, kuma in na ce kada ya shiga soja to ni zan biya. Saboda haka daga watan Agusta abin da nake turowa zai ragu, ina faɗa maka tun yanzu don kada ka ji daga sama. Kada ka faɗa wa Inna wannan, nata ba zai ragu ba ko da zan ƙara awannin dare. Na san shekara shida ban zo ba. Na san kai ke ɗauke da komai, ni sai aike. Allah ya saka maka.

Lawal kuma ka ce masa na ji labarin shagon, zan kira shi, kada ya ƙi ɗauka.

Ka gaishe da Kawu da Malam Liman da Gwaggo. Inna ta sa Abba a addu'a. In wani zai zo a aiko mini da daddawa da kuka, tamu ta ƙare tun Nuwamba. Kada ka manta da hoton famfo.

Ƙaninka,
Bashir