Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Na Saudiyya Kan Gwiwoyin Iyayenmu

Mai girma Fahad Al-Jalajel, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, da Hausa na rubuto maka, domin da ita ake kukan ciwon gwiwa a gidajenmu na Shara Mansur da Hindawiyya. Na san ba za a rasa mai juya maka ita zuwa Larabci ba.

Mahaifiyata ta shekara shida ba ta kai goshinta ƙasa ba. Matar da a da take kammala sa'ayi da ƙafarta, kusan kilomita 3 na kai da komowa tsakanin Safa da Marwa, ta dawo gida ta ɗora tukunya, yau a kan 'yar kujera mai naɗewa take salla. In za ta miƙe sai ta dafa bango, gwiwar tana ƙara kamar ana taka tsakuwa. Likita ya nuna mana hoton: guringuntsi ya cinye, ƙashi ya zauna a kan ƙashi. Ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 365 ne ke fama da irin wannan zaizayar a gwiwa.

Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, shi ya sa in ya tsage ba ya haɗewa kamar fata. Tun 1743 likitan nan William Hunter ya rubuta cewa in ya lalace ba ya dawowa. Tiyatar da ake huda ƙananan ramuka a ƙashi don sabo ya tsiro kuwa, abin da ke tsirowa mai kaushi ne, ba mai santsin nan na asali ba, kuma ba ya jure nauyi da daɗewa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne aikin Farfesa Samuel Stupp da abokansa na Jami'ar Northwestern a Amurka, wanda suka fitar a watan Agusta 2024. Feftayid suka yi amfani da shi, wato gajeriyar sarƙa ta tubalan da ake gina furotin da su. Suka tsara shi yadda zai kama wani furotin mai suna TGF-beta 1, mai zaburar da tsiron guringuntsi, suka gauraya shi da sinadarin hayaluronik wanda dama yana cikin ruwan gaɓa. Haɗin kamar kunu mai kauri yake. In an cusa shi a gurbin da ya lalace sai ya daskare, ya zama saƙar zare sirara da ƙwayoyin jiki za su hau su yi gini, shi kuma ya narke a hankali. A gwiwar tumaki aka gwada, kuma cikin wata shida guringuntsi mai santsi ya tsiro.

Tumaki fa, ranka ya daɗe. Kuma rami ne ɗan ƙarami a guringuntsi mai sauran lafiya, ba gwiwar tsohuwa da ta gama zaizayewa ba. Ban yaudari kaina cewa Hajiya za ta sake sujada da wannan ba. Waɗanda nake hange su ne samarinmu masu tura arabiyya, wato keken marasa lafiya, a Harami, da masu dakon kaya a kasuwa, waɗanda gwiwarsu ke fara tsagewa tun suna da shekara talatin.

To amma kafin maganin ya iso, 'yan kasuwa sun riga shi. A bara wani asibitin kuɗi da muka gani a Snapchat ya karɓi riyal dubbai a hannunmu, wai allurar feftayid mai tsirar da guringuntsi. Kuɗin adashin ƙanwata ne. Mako uku Hajiya ta ɗan ji sauƙi, daga nan muka koma gidan jiya. Ko kwalbar ba a nuna mana ba. Ina roƙo ma'aikatarka da hukumar kula da abinci da magunguna su bi sawun masu irin wannan talla, a tilasta musu faɗin abin da ke cikin sirinjin da kuma abin da aka tabbatar yana yi.

Sannan ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah (KAUST) a Thuwal, arewa da Jidda, inda aka daɗe ana bincike kan gajerun feftayid masu haɗa kansu. Ilimin yana gida, marasa lafiya ma suna gida. Me zai hana a haɗa masu binciken da likitocin ƙashi na Makka da Jidda, ƙasar nan ta shiga sahun masu gwaji a kan mutane bisa ƙa'ida? In an zo nan, a tuna da masu iƙama, wato baƙi masu takardar izinin zama, waɗanda inshorarsu ba ta wuce maganin zazzaɓi ba, kuma a yi wa dattawanmu bayanin takardar amincewa da Hausa kafin su dangwala yatsa.

Hajiya ta ce in gaishe ka. Ta kuma tambaya ko tumakin sun ci gaba da tafiya ba ɗingishi.

Naka,
Wani ɗan Shara Mansur, Makka