Amsa ga Alhajin da ya ce muna rufa wa ɓarayi asiri

Assalamu alaikum, Alhaji, ranka ya daɗe.

Ranar Asabar da ta wuce, a shirin rediyon da aka gayyace ni in yi magana kan leda da toshewar magudanai kafin damina ta kankama, ka bugo waya ana dab da rufewa. Tun daga sallama na gane muryarka, domin masallaci ɗaya muke salla a Dei-Dei, kuma kana sahun gaba ranar da aka sallaci mahaifina. Ka tambaye ni: shekara da shekaru muna cewa muna sake sarrafa roba, to me ya sa har yanzu lambatun Abuja cike yake da leda? Sannan ka ce in faɗa wa jama'a gaskiya, tsaftace gari muke yi, ko kuwa rufa wa ɓarayin murafun ramukan titi asiri muke, muna bautar da 'ya'yan mutane a bola? Kafin in buɗe baki mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure. Na fito da maganar tana cin raina. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a zan ba ka amsa.

Zan fara da wadda ta fi yi mini ciwo.

Alhaji, shekarata 14 ina sayen roba, kuma sikelina bai taɓa ɗaukar ƙarfe ba. Ba murfin rami, ba wayar wuta, ba ƙarfen gada. Ka san filina, ka sha wucewa ta bakinsa in za ka kasuwar katako. Me ka taɓa gani a ciki ban da tulin goruna, fasassun kujeru, tsofaffin jarkoki da bokitai? Da ka taɓa ganin wani abu daban, hakkin maƙwabtaka shi ne ka kira ni gefe bayan sallar Isha'i ka ja mini kunne, kamar yadda uba yake yi wa ɗa. Ba ka yi haka ba. Ka jira sai da dubban kunnuwa suke saurare. Ranar Lahadi 'yata ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai wata ta ce mata babanta mai sayen kayan sata ne, an faɗa a rediyo. Shekararta 11. Na rasa abin da zan ce mata, domin ta san ka, tana durƙusawa ta gaishe ka.

Ba na musun cewa ana sace murafun ramuka a Abuja. Ana sacewa, motoci suna faɗawa, mutane suna karyewa, kuma akwai dillalan da suke saya. Duk wanda aka kama a hukunta shi, ba zan je belinsa ba. Amma a watan Janairun 2025, da hukumomin tsaro na Abuja suka haramta yawon baban bola a cikin gari suka kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu, sandar ba ta tantance mai laifi da marar laifi ba. Yaron da yake bin bayan shaguna a Wuse da Utako yana tsintar gorar lemo, shi ma ya zama abin farauta. Ɗaya daga cikin masu kawo mini kaya ya zo da kai a fashe, buhunsa kuwa babu komai a ciki sai goruna. A makonnin nan kayan da suke shigowa filina sun ragu ƙwarai. Gorunan ba su ɓace ba, Alhaji. Suna nan inda aka jefar da su, suna jiran ruwan sama ya kai su lambatu.

Batun yara kuma, eh, akwai yara a bola. Ka je jujin Gosa ka gani da idonka, zuciyarka za ta karye. Yunwa ce ta kai su, ba ni ba. A filina mutum 9 suke aiki, 6 daga cikinsu mata ne, yawancinsu mazansu sun rasu. Su suke cire marfi, su ɓare takarda, su ware fara daga mai launi. Hannuwansu suna cin karo da allurar asibiti, da fasasshiyar kwalba, da ƙunzugun jarirai, domin a gidajenmu komai a buhu ɗaya muke zubawa. Ina sayo musu safar hannu, ina biyansu kowace Alhamis. Ka zo ka tambaye su ba a gabana ba.

Yanzu ga tambayarka ta farko, wadda da ita kaɗai ka yi da na gode maka, domin tambaya ce mai kyau.

Lambatu yana cike da leda ne saboda mai tsinta ba ya sunkuyawa sai ga abin da zai sayu. Roba ba iri ɗaya ba ce. Ka juya gorar ruwa ka duba gindinta, za ka ga lamba 1. Wannan tana da kasuwa: a matse ta dila-dila, ko a markaɗa a wanke, a kai masana'antu su yi zare ko sabuwar gora. Jarka mai lamba 2, da kujera da bokiti masu lamba 5, su ma suna da masu saye, da yawa a Kano, wajen Sharaɗa da Challawa, inda suke komawa buta da baho. Shi ya sa da wuya ka ga jarka tana kwana a bakin titi. Har mai zoɓo da mai kunun aya da mai manja suna rige-rigen gora mai kyau da mu.

Amma ka leƙa lambatun da kake magana ka ga abin da ya toshe shi. Baƙar leda ce. Ledar biskit ce, da ta madara, da ta garin sabulu, waɗanda aka manne roba da ƙyallin alminiyam a cikinsu ta yadda babu injin da muke da shi da zai raba su. Farar robar zuba abinci ce mai kama da soso, wadda buhu guda nata bai kai nauyin kaza ba. Waɗannan ko kyauta na kai wa masana'anta ba za su karɓa ba. Sai kuma ledar fiya wata. Ita ana iya narka ta, amma sai ta kasance busasshiya, ba taɓo, kuma sai mutum ya tara ɗaruruwa kafin allurar sikeli ta kai kilo ɗaya. Ko gorar da take da daraja, sai an haɗa wajen 50 kafin kilo ya cika. Ka lissafa sau nawa bayan mutum zai lanƙwasa a rana kafin ya sami kuɗin tuwo.

Bayan an tara kuma sai ɗawainiya ta fara. Motar da aka loda wa gora ba a matse ba, iska ta ɗauko. Injin matsewa yana son wuta, wutar kuwa ka san halinta a unguwarmu, sai a koma janareta. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya ci rabin abin da muke kira riba. Kuma duk lokacin da ɗanyen mai ya faɗi a kasuwar duniya, sabuwar roba tana yin arha, masana'antu su juya wa tamu baya, kaya su zauna mini wata da watanni rana tana cinye su. Wannan ba matsalar Dei-Dei kaɗai ba ce. Rahoton da ƙungiyar OECD, ta haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, ta fitar a 2022 ya nuna kashi 9 cikin 100 ne kacal na sharar roba ta duniya ake sake sarrafawa, har da ƙasashen da wutarsu ba ta ɗaukewa. Ban taɓa cewa mu za mu share Abuja ba. A shirin ma abin da na ce shi ne, famfo a buɗe yake mu kuma cokali aka ba mu mu kwashe ruwan.

A nan ne, Alhaji, dole in faɗi abin da ladabi ya so in haɗiye. Ba ka gaya wa masu sauraro cewa kana da kamfanin fiya wata ba. Ba ka bugo waya ba sai bayan da na ce ya kamata duk mai zuba leda a kasuwa ya ɗauki wani kaso na kuɗin kwashe ta. Ina da yaƙinin wannan jimlar ce ta taɓa ka. Kowace jaka da motarka take saukewa ƙulli 20 ce, ga uwar ledar da ta naɗe su. Ba na zargin mai sha, domin wanda famfon unguwarsu ya shekara bai ɗiga ba ba shi da zaɓi, kuma ba na cewa sana'arka haramun ce, mutane da yawa suna ci a ƙarƙashinka. Amma guda nawa ka taɓa karɓa ta dawo? Shekara 3 da suka wuce na zo ofishinka na roƙe ka mu ajiye buhuna a wajen dillalanka, masu saye su riƙa jefa ledar a ciki tun tana da tsabta, ni in riƙa kwashewa da kuɗin motata. Ka ce wannan aikin gwamnati ne, kai kana biyan haraji. Hukumar NESREA, mai kula da dokokin muhalli ta ƙasa, tana da tsarin da ya ɗora wa mai ƙera kaya alhakin sharar kayansa. A takarda yake, kuma a takardar ya tsaya ga yawancin masu sana'a irin taka.

Takardu kam muna da su. A 2019 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudirin hana ledar zuba kaya, bai zama doka ba. A 2020 aka amince da manufar ƙasa kan sharar roba. A 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta hana amfani da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatun gwamnati. Legas ta haramta farar robar abinci a Janairun 2024, kuma ta bi kasuwanni tana ƙwacewa. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017. Ƙasashen duniya sun zauna a Geneva a Agustan 2025 don ƙulla yarjejeniya kan roba, suka tashi ba su daidaita ba, saboda masu arzikin mai ba su yarda a rage yawan wadda ake ƙerawa ba. Mu kuma a babban birnin tarayya, motar shara tana bin Maitama da Asokoro ta kwashe komai a cakuɗe ta kai juji. A garuruwan gefe, inda direbobi da masu gadi da masu aikin gidajen can suke kwana, ashana ce motar shara. Da magariba ka tsaya a kan gadar Dei-Dei ka dubi hayaƙin da yake tashi. Wannan hayaƙin ne tsofaffinmu masu asma suke shaƙa, shi ne jarirai suke kwana a ciki.

Abin ya shiga har cikin tukunyarmu. Mata suna hura gawayi da leda. Alale da a da ake ƙullawa a ganye ko a zuba a gwangwani, yanzu a leda ake dafa shi. Tuwo da zafinsa a leda, koko a leda. Ka tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin shanu da awakin da suka yi kiwo a gari. Bara ragon layyata ya yi ta ramewa duk da dusa da harawar da yake ci, da aka yanka sai ga dunƙulen leda ya kai girman kan yaro. Ambaliyar da ta ci gidaje a Lugbe a Yunin 2023, gini a kan hanyar ruwa ne babban sanadinta, amma duk wanda ya taɓa shiga kwalbati da shebur ya san abin da yake fara cirowa. Mu ma da laifinmu: hadari yana haɗowa sai ka ga an fito da kwandon shara an juye a lambatu, wai ruwa ya tafi da shi. Gidan na ƙasa yake kai shi.

Duk wannan ɓarnar, Alhaji, a cikin jerin masu hannu a ciki, tun daga mai ƙerawa, da mai sayarwa, da mai sha ya yar, da hukumar da ba ta zuwa, mutum ɗaya ne yake sunkuyawa ya ɗauka. Shi ne ka zaɓa ka kira ɓarawo.

Abu biyu nake nema a wurinka. Na farko, ranar Asabar mai zuwa ka sake bugo waya a shirin nan, ka faɗa da bakinka ko ka taɓa ganin kayan sata a filina, domin 'yata ta koma Islamiyya da kanta a ɗage. Na biyu, maganar buhunan nan tana nan. Na ɗinka guda 30 da kuɗina, suna jingine a bayan sikeli. Ka ba direbanka izini ya sauke ɗaya a wajen kowane dillali ranar da zai kai ruwa, ni zan bi in kwashe duk Talata.

Allah ya ƙara girma, ya sa mu gama lafiya.

Ɗanka,
mai sayen roba a Dei-Dei, Abuja