Rahoton Ayyukan Shekara: Tantance Wuraren da Zaizayar Ƙasa ta fi Kamari a Tsaunuka

Ya ku membobi masu girma,

Kamar yadda babban taron bara ya ɗora wa kwamitin zartarwa, aikin da ya fi cin lokacinmu a bana shi ne gano gangaren da ruwan sama ya fi kwashe wa ƙasa, tun daga kan tsauni har zuwa inda rafuka suke haɗuwa, domin kada ɗan abin da ke hannun ƙungiya ya tafi a wuraren da ba can ne tushen ɓarnar ba.

Da taswira muka fara. Mun yi amfani da bayanan tsayin ƙasa na SRTM, waɗanda kumbon Amurka ya tattara a shekarar 2000, sannan muka haɗa su da hotunan tauraron ɗan Adam na Sentinel-2, wanda ke iya nuna fili mai faɗin mita 10. A kan waɗannan muka ɗora lissafin RUSLE mai ƙiyasta yawan ƙasar da ruwan sama ke kwashewa, wato gyararren tsarin da masana biyu 'yan Amurka, Wischmeier da Smith, suka wallafa a 1965 suka sabunta a 1978. Lissafin yana duba ƙarfin ruwan sama, da saurin narkewar ƙasa, da tsawon gangare da tsayuwarsa, da tsirran da suka rufe wurin, da kuma irin kariyar da manomi ya yi wa gonarsa.

Wajibi ne mu faɗa muku inda taswirar ta gaza. An gina wannan lissafi ne don auna ƙasar da ruwa ke sharewa daga sama da wadda ƙananan hanyoyin ruwa ke ɗauka, bai san kwazazzabo ko zaftarewar ƙasa ba. Da ayarinmu ya taka ƙafa bayan ruwan farko, sai ya tarar da cewa wasu wuraren da taswira ta ce lafiya suke, su ne suka fi rauni: bakin kwalbatin da ke zubo ruwan hanya wuri guda, da burtalin da kofato ya daddaɓe har ruwa ba ya shiga ƙasa. Yawancinsu manoma da makiyaya ne suka nuna mana, kuma da mun fara tambayarsu, da mun rage wa kanmu wahala.

A wuraren da taswira da ziyara suka yi ittifaƙi a kansu, mun kafa sandunan ƙarfe domin auna yawan ƙasar da ke tafiya a kowace damina, mun jera duwatsu a gicciyen gangare, mun kuma dasa jema, saboda saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai. Dashen da aka yi a makare bai kama ba, kuma kwamiti ya ɗauki alhakin wannan jinkiri.

A Ranar Ƙasar Noma ta Duniya, 5 ga Disamba, mun tunatar da mahalarta ƙiyasin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya cewa samuwar santimita 2 zuwa 3 na ƙasa kan iya ɗaukar shekara 1,000.

Kwamiti yana neman amincewarku a kan ware kuɗin duba sandunan awo a ƙarshen kowace damina, da kuma fara aikin baɗi daga kan kwazazzaban da har yanzu suke cin gonaki.

Sakataren Ƙungiya, a madadin Kwamitin Zartarwa