Alhazanmu suna zuwa Balad amma basa ganin Balad

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Dan Allah a ɗan bani fili inyi magana da masu shirin Umra da kuma ejan-ejan ɗinmu.

Duk wanda ya taɓa zuwa Jidda a cikinmu in kace masa Balad abinda zai faɗo masa a rai kasuwa ce, jallabiya da turare da abaya da darduma, a cika jaka akai kargo a wuce filin jirgi shikenan. Nima haka nake, zuwana uku bansan komai ba sai shaguna, sai wannan karon da aka ɗaga mana jirgi muka samu yini guda ba abin yi, wani ɗan uwana mazaunin can yace taso muje ka ga inda kakanninka suka sauka.

Ta Bab Makka, wato ƙofar Makka ta tsohon garin Jidda, muka shiga, muka kutsa lungunan bayan kasuwar, wallahi kamar ba garin da na sani ba. Gidaje ne hawa uku hawa huɗu wasu ma sunfi, an gina su da dutsen murjani da ake haƙowa a bakin teku ana jera katako a tsakani dan ya riƙe ginin, kowanne da tagogin katako da suka turo waje saman lungu, su suna ce musu rawashin. Na daɗe a ƙarƙashin ɗaya ina kallo, an sassaƙa ta da ƙananan huji kamar rariya, iska tana shiga rana bata shiga, matan gida suna ganin mai wucewa shi baya ganinsu, kaga an haɗa sanyi da sutura tun ba'a san AC ba. Wasu gidajen an gyara sunyi fes, wasu kuma sun karkace an tokare su da ƙarafuna, ga kyanwoyi ko ina kamar su suka gaji unguwar.

Gidan Nasif, na wasu tsofaffin attajiran Jidda, shi yafi tsaya min a rai. An gama shi a 1881, kuma nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga Jidda a 1925, matakalarsa faɗi gareta ba tsayi har ana cewa raƙumi na hawa da kaya. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar bishiya da ake ji da ita, wai a da ita kaɗai ce a garin, na matsa in gani ashe darbejiya ce! Dogon yaron nan da muke sarewa a ƙofar gida ba ko tausayi, sai da nayi dariya.

Sayyidina Usman ne ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan hijira, kuma kakanninmu da suke tafiya a ƙasa ta Chadi da Sudan, wani ya shekara biyar yana noma yana ɗinki a hanya kafin ya kai Sawakin ya tsallaka Bahar Maliya, ta nan suke shigowa. An rushe ganuwar garin a 1947, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta saka unguwar a jerin wuraren tarihi na duniya a 2014, amma mu masu alaƙa da wurin ko leƙe bama yi.

Tekun yanzu ta ja baya saboda cikon da akayi, sai dai tafkin Arba'in na nan gefen unguwar, can muka zauna dab da magariba, ruwa a gabanmu tsofaffin gidaje a bayanmu, iska mai ɗan gishiri tana kaɗawa ana ta kiran sallah daga masallatai, ɗan uwan nawa ya siyo mana balila, wani dafaffen wake nasu, a kofi muna ci ba mai cewa uffan.

Roƙona ga ejan-ejan, tunda dama kuna kawo mutane Jidda siyayya, ku ware awa biyu ku zaga dasu ciki, ba sai an kashe wani kuɗi ba ƙafa ce kawai. Amma ku bari sai bayan la'asar, mu da mukayi gangancin fita da azahar sai da rigata ta jiƙe sharkaf kamar wanda aka tsamo a rijiya.

Naku,
mai karatunku daga Fagge, Kano