Na je Boma neman abokan kakana

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan 'yan Boma, tunda 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ta ƙarato.

Kakana, Allah Ya jiƙansa, yana cikin sojojin Nijeriya da aka haɗa da rundunar Chindit, wato sojojin Birtaniya na musamman da suka yaƙi Japanawa a dazukan Boma, a 1944, lokacin yaƙin Hitila. Labari ɗaya yake maimaita mana a zaure: dararen watan Afrilu da Japanawa suka yi ta auko wa sansaninsu kusa da Mawlu, a kan hanyar jirgin ƙasa. Turawa sun laƙaba wa wurin White City saboda fararen laimomin da jirage ke jefo abinci da harsashi da su, waɗanda suka maƙale a kan itatuwa. Ya ce da la'asar igwa take fara ruwan wuta, da duhu ya yi sai ihu a bakin waya mai ƙaya. Da asuba ya taɓa abokinsa na rami, ɗan Daura, ya ji ya yi sanyi. Daga nan Baba Tsoho yakan yi shiru, mu kuma yara mu ƙosa ya ci gaba.

Bara harkar kasuwanci ta kai ni Yangon, birni mafi girma a Boma (wadda yanzu ake kira Myanmar), na ɗauki tasi zuwa maƙabartar sojoji ta Taukkyan. Kaburbura fiye da 6,000 a jere, ciyawa a gyare tsaf. A tsakiya akwai dogayen ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san inda aka binne su ba. Na bi da yatsa har na iso sashen sojojin Afirka ta Yamma. Sunan yanka, sai sunan gari: Kano, Sakkwato, Bauci, Katsina. Wallahi ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Na zauna na karanta musu Ƙulhuwallahu, wani mai ban-ruwan furanni yana kallona.

Ga barikin Chindit a Zariya, ga Kalapanzin da Dalet a Kaduna, duk sunayen daga Boma suka zo. Na tambayi ɗana mai aji shida na sakandare ma'anar Chindit, ya ce shi a zatonsa sunan wani Bature ne.

Roƙona ga masu iko: a kafa allo a ƙofar kowane barikin nan, da Hausa da ajami, a rubuta inda aka yi yaƙin da sunayen mutanenmu da suka kwanta a can. Hotunan da na ɗauko suna wayata, duk mai neman kakansa ya nemo ni ta hannun jaridarku.

Naku,
Jikan tsohon soja, Sabon Gari, Zariya